Jita-jita da Kasuwar Hannun Jari: Daga Shagon Gahawa Zuwa Twitter

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata gardama da muka yi da wani abokina a ɗakin kwananmu. Ya zo mini da wayarsa, ya nuna mini wata manhaja mai kibiyoyi kore da ja, ya ce wai tana karanta abin da miliyoyin mutane ke rubutawa a kafafen sada zumunta, ta auna ko suna cikin murna ko fargaba, sa'an nan ta faɗa maka hannun jarin da zai tashi gobe. Niyyarsa ita ce ya zuba kuɗin rajistarsa na zango mai zuwa, ya ninka su kafin a koma karatu. Na ce masa ya dakata, ya ce in kawo hujja. Ni kuwa a lokacin ba ni da ita. Amma da yake maganar ta shafi harshe, watau yadda ake gane zuciyar mutum daga kalamansa, sai na ga ba laifi in bi diddiginta. Abin da na samo shi ne zan gabatar wa mai karatu a nan.

Kafin in shiga cikin tarihin, ya kamata mu san abin da ake nufi da hannun jari. Idan kamfani yana neman kuɗi, yakan kasa mallakarsa kashi-kashi ya sayar wa jama'a. Kowane kashi shi ne hannun jari, kuma wanda ya saya yana iya sayar wa wani a kasuwar da aka keɓe don haka. In masu saye suka fi masu sayarwa yawa farashi ya tashi, in masu sayarwa suka rinjaya ya faɗi. Domin a san halin da kasuwa take ciki baki ɗaya, akan haɗa farashin wasu manyan kamfanoni a fitar da ma'auni guda. A Amurka akwai ma'aunin Dow Jones mai kamfanoni 30, da na S&P 500 mai kamfanoni kamar 500. To, duk wanda ya san yau inda farashi zai nufa gobe, ya ga hanyar arziki. Wannan kwaɗayi shi ne tushen labarinmu.

Zamanin Shagunan Gahawa

Kasuwar hannun jari ta Landan a wurin hira aka haife ta. A ƙarshen ƙarni na 17 dillalai sukan taru a shagunan shan gahawa na wani lungu a tsakiyar birnin, musamman shagon da ake kira na Jonathan. A nan ne wani dillali, John Castaing, ya fara buga jerin farashi a shekarar 1698. Mutum zai zo ya sayi kofin gahawa, ya kasa kunne, ya ji jirgin wane ya nutse, wane kuma ya iso lafiya, daga nan ya yanke shawarar saye ko sayarwa. Ashe ke nan tun fil azal surutun jama'a da farashi tare suke tafiya.

Ba a daɗe ba aka ga illar haka. A 1720 labari ya cika Landan cewa kamfanin South Sea zai kwaso dukiyar Kudancin Amurka. Hannun jarinsa ya tashi daga fam 128 a watan Janairu zuwa kusan fam 1,000 a tsakiyar shekara, kafin shekarar ta ƙare kuma ya komo ƙasa da fam 200. Iyalai da yawa sun tsiyace. Babu wata dukiya da ta zo, baki ne ya ɗaga farashin, baki ne kuma ya kayar da shi.

Da mutane suka lura magana tana motsa kasuwa, sai wasu suka ga ai ana iya ƙera maganar. Ran 21 ga Fabrairu 1814, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Ingila da Faransa, wani mutum sanye da kayan soja ya sauka a garin Dover da tsakar dare, ya ce shi kanar ne, ya zo da albishir cewa an kashe Napoliyon. Kafin azahar labari ya game Landan, farashin takardun bashin gwamnati ya yi sama. Zuwa la'asar aka gane ƙarya ce. Da aka bincika sai aka tarar wasu mutane sun sayar da takardu na sama da fam miliyan ɗaya a wannan rana, mafi yawansu a makon da ya gabata suka saye su. Sunan mai kayan sojan na gaskiya De Berenger, kuma cikin waɗanda kotu ta kama da laifi har da shahararren jarumin sojan ruwa, Lord Cochrane, ko da yake daga baya an yi masa afuwa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan labari, domin za mu sake gamuwa da irinsa bayan shekara 199.

Har ila yau, tun a wancan zamani aka gane cewa jin labari kawai bai isa ba, sai ka riga kowa ji. A 1850 Paul Julius Reuter yana amfani da tattabaru wajen kai farashin kasuwa tsakanin biranen Brussels da Aachen, don a lokacin wayar tangarahu ba ta haɗa su ba. Tattabara takan riga jirgin ƙasa isa da sa'o'i, kuma waɗannan sa'o'i su ne abin da attajirai ke biya.

Saɓanin Masana

A ƙarni na 20 masana tattalin arziki suka rabu biyu a kan wannan al'amari. John Maynard Keynes, a 1936, ya kwatanta kasuwar da wata gasa da jaridu ke yi, inda za a buga hotunan fuskoki 100 a ce kowa ya zaɓi shida da suka fi kyau, wanda zaɓinsa ya dace da na yawancin mutane shi ya ci. Mai wayo a irin wannan gasa ba ya zaɓar wadda ta yi masa, sai wadda yake zaton za ta yi wa sauran. In haka ne, sanin zuciyar jama'a ya fi sanin lissafin kamfani amfani.

A ɗaya ɓangaren kuma Eugene Fama na Jami'ar Chicago, a 1970, ya tsara ra'ayin cewa duk labarin da ya riga ya fito fili, to ya riga ya shiga cikin farashi. Watau kafin ka ji ka ruga kasuwa, dubban mutane sun ji sun riga ka, ribar ta ƙare. Robert Shiller na Jami'ar Yale ya yi shekaru yana nuna cewa farashi yakan yi tsalle fiye da yadda ribar kamfanoni za ta iya bayyanawa, don haka lalle akwai hannun zumuɗi da tsoro a ciki. Abin mamaki, a 2013 aka ba Fama da Shiller kyautar Nobel tare, su da wani masani na uku. Matsalar ɓangaren Keynes a da ita ce, ba wanda ke da mudun auna zuciyar miliyoyin mutane kullum. Intanet ce ta zo da abin da ya yi kama da wannan mudu.

Shigowar Intanet

A ƙarshen shekarun 1990 masu ƙananan jari a Amurka suka koma hira a zaurukan intanet irin na Yahoo. Bambancin wannan da shagon gahawa shi ne, a nan hirar a rubuce take, ba ta bin iska. Na farko da suka ci moriyarta su ne mayaudara. A shekarar 2000 hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta tuhumi wani yaro ɗan shekara 15 a jihar New Jersey. Yakan sayi hannun jarin ƙaramin kamfani, ya watsa ɗaruruwan saƙonni da sunaye daban-daban yana kurara shi, in farashi ya tashi ya sayar. An daidaita da shi a kan ya mayar da dala 285,000.

Daga nan masana suka shigo. A 2004 Werner Antweiler da Murray Frank suka sa kwamfuta ta tace saƙonni sama da miliyan ɗaya da rabi a kan kamfanoni 45. Abin da suka gano yana da muhimmanci ƙwarai: yawan surutu a kan kamfani yana nuna cewa farashinsa zai yi rawa, amma abin da yake nunawa game da tashi ko faɗuwa kaɗan ne, bai kai ya biya ladan dillali ba. A 2007 Paul Tetlock ya ƙirga kalmomin baƙin ciki a wani shafi na jaridar Wall Street Journal daga 1984 zuwa 1999. Ya tarar in kalmomin suka yawaita farashi yakan ɗan sauka kashegari, amma cikin kwanaki kaɗan ya koma inda yake.

Binciken da Ya Tayar da Ƙura

An kafa Twitter a 2006. A watan Oktoba 2010 Johan Bollen da Huina Mao na Jami'ar Indiana, tare da Xiaojun Zeng na Jami'ar Manchester, suka fitar da binciken da ya sa duniya ta waiwayo. Sun tattara saƙonni kusan miliyan 10 na mutane miliyan 2.7, waɗanda aka rubuta daga Fabrairu zuwa Disamba 2008. Suka zaɓi waɗanda mai rubutu ke faɗin yadda yake ji a ransa, suka kasa su gida shida, ciki har da natsuwa da farin ciki da kuzari. Sai suka ce sun ga hawa da saukar natsuwar jama'a tana riga hawa da saukar ma'aunin Dow Jones da kwana biyu zuwa shida, har ma na'urarsu ta faɗi inda kasuwa za ta nufa daidai, kashi 87 cikin 100.

Jaridu suka ɗauki wannan adadi suka yi ta yayatawa. A 2011 wani kamfani a Landan, Derwent Capital Markets, ya buɗe asusun zuba jari na fam miliyan 25 wanda zai riƙa ciniki bisa wannan dabara. Ya yi wata guda yana aiki, ya ba da sanarwar ribar kashi 1.85 cikin 100, daga nan aka rufe asusun, masu shi suka koma sayar da manhajar ga wasu. A nan na fara tambayar kaina: wanda ya mallaki kaza mai ƙwan zinariya, me zai kai shi sayar da ita?

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Wanda ya duba binciken da kyau zai ga cewa kwanakin da aka gwada na'urar a kansu 15 ne kacal, daga 1 zuwa 19 ga Disamba 2008. Ta dace a 13, ta kuskure a 2, shi ne kashi 87 ɗin. Kwana 15 kuwa ba su isa a yanke hukunci ba, balle a shekara irin 2008 da bankunan Amurka ke rugujewa, kowa na cikin tashin hankali. A 2017 Michael Lachanski da Steven Pav suka sake gwada dabarar, suka faɗaɗa lokacin, ba su sami abin da aka ce an samu ba. Amma labarin kashi 87 ya riga ya zaga duniya, gyaran kuwa bai yi nisa ba. Da na duba tallar manhajar abokina, irin wannan alkawari na gani a ciki.

Ranar da Aka Yi wa Na'ura Ƙarya

Duk da haka manyan kamfanonin ciniki sun sa kwamfutocinsu su riƙa sauraron kafafen sada zumunta, su saya ko su sayar cikin ƙiftawar ido, ba tare da jiran ɗan Adam ba. A farkon Afrilu 2013 hukumar kasuwar Amurka ta yarda kamfanoni su riƙa ba da sanarwa ta waɗannan kafafe. Mako uku bayan haka, ran 23 ga Afrilu, wasu suka yi kutse a shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na Associated Press, suka rubuta cewa bama-bamai biyu sun tashi a fadar shugaban ƙasa, kuma Shugaba Obama ya ji rauni. Cikin minti biyu zuwa uku ma'aunin Dow Jones ya faɗi da maki sama da 140, darajar kamfanonin S&P 500 ta ragu da kimanin dala biliyan 136. Da aka ƙaryata, farashi ya komo nan take. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wanda ya sayar a cikin waɗannan mintoci ya riga ya yi asara. Wannan shi ne labarin mai kayan soja na 1814, sai dai abin da ya ɗauki yini a da, yanzu minti biyar ya ɗauka.

An sake yin irinsa ran 22 ga Mayu 2023, sa'ad da wani hoton bogi na hayaƙi kusa da hedkwatar tsaron Amurka ya bazu, kasuwa ta ɗan girgiza kafin a gane. Haka kuma ba kowane baki ne nauyinsa ɗaya ba. Ran 7 ga Agusta 2018 Elon Musk ya rubuta saƙo guda cewa ya sami kuɗin da zai saye hannayen jarin Tesla a kan dala 420 kowanne. Farashi ya tashi kashi 11 cikin 100 a ranar. Cinikin bai tabbata ba, aka ci shi tarar dala miliyan 20, kamfanin ma haka. Babu wani ma'aunin zuciyar jama'a da zai iya hango abin da mutum ɗaya zai rubuta da rana tsaka.

Labarin GameStop

A Janairu 2021 al'amarin ya ɗauki wani salo. GameStop kamfani ne mai shagunan sayar da wasannin bidiyo, kasuwarsa tana ja da baya. Manyan attajirai suka yi caca a kan faɗuwarsa ta hanyar sayar da aro. Ga yadda abin yake: kamar mutum ya ari buhun gero a wurin maƙwabcinsa ya sayar yau, da fatan farashi zai karye ya sayo da araha ya mayar, ya riƙe abin da ya ragu. In gero ya yi tsada maimakon haka, dole ya sayo ko nawa ne. Hannayen jarin GameStop da aka ara aka sayar har sun zarce yawan waɗanda ke yawo a kasuwa.

Masu ƙananan jari a wani zaure na Reddit suka lura da haka, suka yi ta zuga juna a saya kada a sayar. Farashin da bai kai dala 20 ba a farkon wata ya taɓa dala 483 ran 28 ga Janairu. Asusun Melvin Capital ya yi asarar kashi 53 cikin 100 a wannan wata, a 2022 kuma aka rufe shi. Amma a wannan rana ta 28 kamfanin dillanci na Robinhood ya hana saye, kuma kafin 20 ga Fabrairu farashin ya komo wajen dala 40. Waɗanda suka shiga da wuri sun sami dukiya. Waɗanda suka shiga bayan labari ya cika gari, su ne suka biya su.

A nan surutun jama'a ya daina zama madubin kasuwa, ya zama hannun da ke tura ta. A watan Maris 2021 kamfanin VanEck ya buɗe wani asusu mai suna BUZZ, wanda ke sayen hannayen jarin kamfanoni 75 da aka fi yabo a intanet. A 2022 faɗuwar da ya yi ta zarce ta ma'aunin S&P 500 nesa ba kusa ba.

Dalilan Gazawar

A fahimtata, dalilai huɗu ne suka sa wannan buri yake kuɓucewa. Na farko na harshe ne. Hanyar da aka fara bi ita ce a ba kwamfuta jerin kalmomi masu daɗi da marasa daɗi ta ƙirga. Amma kalma ba ta da ma'ana sai a muhallinta. In yaro ya fasa tulu uwarsa ta ce masa “ka kyauta”, kwamfuta za ta rubuta cewa uwar tana murna. Gatse da habaici da ba'a duk suna ruɗa ta. A 2011 Tim Loughran da Bill McDonald sun nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na kalmomin da wani sanannen jeri ya ƙirga a matsayin munana cikin rahotannin kamfanoni, ba munana ba ne a bakin 'yan kasuwa, alal misali haraji da kuɗin kashewa. Manhajojin yanzu sun fi na da gane muhalli ƙwarai, sai dai wannan bai warware sauran dalilan ba.

Na biyu, sau da yawa farashi ne ke haifar da surutu. Mutane sukan yi murna don kasuwa ta tashi, su yi kuka don ta faɗi. Mai auna murnarsu, labarin jiya yake aunawa.

Na uku shi ne abin da Fama ya faɗa. In har akwai wata alama ta gaskiya a cikin surutun, kwamfutocin manyan kamfanoni sun gan ta sun yi ciniki kafin ɗalibi ya buɗe wayarsa. Su ne masu tattabarun wannan zamani, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Na huɗu, da zarar an san ana auna magana, maƙaryata za su zo su cika mudun. Mutum ɗaya yana iya buɗe shafuka dubu, kamar yadda yaron New Jersey ya nuna tun shekarar 2000.

Kammalawa

Ba ina cewa wannan ilimi banza ne ba. Tarihi ya nuna surutun jama'a yana iya faɗakar da mu cewa ƙura za ta tashi. A watan Maris 2023, bayan tsoro ya bazu a Twitter da zaurukan hira, masu ajiya sun nemi cire dala biliyan 42 daga bankin Silicon Valley a rana ɗaya, kashegari hukuma ta rufe shi. Duk mai kula da banki ko kasuwa da ya ƙi sauraron irin wannan hayaniya ya yi sakaci. Amma sanin cewa ƙura za ta tashi daban, sanin inda za ta nufa da sa'ar da za ta lafa daban. Daga 1720 zuwa yau, waɗanda na ga sun fi cin riba a wannan harka su ne masu ƙirƙirar labari, da masu riga kowa ji, da masu sayar wa wasu mudun awo. Mai karɓar labari a ƙarshen layi shi ke biyan kuɗin.

Na kai wa abokina duk wannan bayani. Ya saurara, ya yi shiru, sa'an nan ya ce ai manhajarsa ta zamani ce, ba irin ta 2010 ba. Na ce haka ne, amma ya tambayi masu ita a kwana nawa suka gwada ta, kuma me ya sa suke sayar masa da ita a maimakon su yi arziki da ita su kaɗai. Ya biya kuɗin rajistarsa a makon da ya wuce, ko da yake na lura har yanzu bai goge manhajar daga wayarsa ba. Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa, in akwai gyara ina maraba da shi daga 'yan'uwa ɗalibai, musamman na sashen tattalin arziki.